Yadda Mai Sanƙo Zai Samu Dashen Gashin da Ko Wanzami Ba Zai Gane Ba

Wata ranar Alhamis da yamma, a wani shagon aski da ke Samaru, lokacin da benci ya cika da masu shirin Juma'a, wani magidanci ya cire hularsa ya hau kujera. Gaban kansa cike yake da gashi baƙi ƙirin, amma iyakar gashin ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan kamar an ja ta da igiyar magina, kuma silin gashin sun fito cirko-cirko, uku-uku a wuri guda, suna kallon sama. Da mai askin ya kai injinsa ƙeya sai ya dakata ya ce, "Alhaji, nan ɗin in bar shi da ɗan tsawo ne?" Mutumin ya ce, "Bar shi, Malam, kada ka sauke shi." A ƙeyar akwai ɗige-ɗige masu haske, birjik, da wuraren da gashi ya yi sharara kamar gonar da tsuntsaye suka tone irinta. Bai ce an yi masa dashe ba, babu kuma wanda ya tambaye shi, amma duk wanda ke kan bencin nan ya gane.

Irin wannan aikin ne ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa dashen gashi ba ya taɓa yin kama da na halitta. Abin da ake mantawa shi ne, wanda aka yi wa aiki mai kyau yana wucewa ta gabanmu ba mu sani ba, saboda haka marasa kyau kaɗai muke ƙirgawa. Dashe yana iya fitowa yadda ido ba zai bambance shi da gashin da aka haifi mutum da shi ba, sai dai yawancin abin da ke kawo hakan ana yanke shawararsa ne tun kafin a yi allurar kashe zafi, kuma wanda za a yi wa aikin yana da hannu a cikin shawarar.

Aikin ya daɗe. Wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya yi bayanin yadda ya dasa gashi a kan tabon ƙuna tun a 1939. A Amurka kuma Norman Orentreich ya wallafa a 1959 abin da har gobe shi ne ginshiƙin sana'ar, wato gashin da aka ciro daga ƙeya yana riƙe ɗabi'ar ƙeya ko da an kai shi goshi. Dalili kuwa shi ne sanƙon gado yana zuwa ne daga wani sinadarin jikin namiji da ake kira DHT, wanda yake tsuke tushen gashin goshi da na tsakar ka a hankali har su daina fitar da sili, alhali tushen gashin ƙeya da na bayan kunne ba su cika jin sa ba. Matsalar zamanin Orentreich ita ce kayan aikin: ana huda fatar kai da ƙarfe mai faɗin milimita 4, a ciro dunƙulen gashi mai sili goma sha wani abu, a dasa shi jere-jere, sai kai ya fito kamar na 'yar tsana. A 1984 ne aka yi cikakken bayani cewa gashin ɗan Adam yana fitowa ne tsibi-tsibi, kowane tushe da sili ɗaya zuwa huɗu, daga nan likitoci suka koma dasa tushe ɗaya-ɗaya kamar yadda Allah ya halicce shi, suna rarraba su a ƙarƙashin madubin likita. Duk wanda ya fito da kai irin na 'yar tsana a yau, hannu ne bai ƙware ba, domin kayan aiki sun daɗe da wuce wannan matakin.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka tabbatar da abin da ke cin gashinka, kuma wannan aikin likitan fata ne, wanda mazaunin Zariya zai iya nema a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ba kowace zubar gashi ce sanƙon gado ba. Akwai makero, akwai wadda take yin fili zagayayye sumul kamar kwabo saboda garkuwar jiki ta juya wa tushen gashi, akwai ta bayan haihuwa ko bayan doguwar jinya, akwai ta ƙarancin jini. Waɗannan magani suke buƙata ko haƙuri, dashe a kansu asarar kuɗi ce. Mata kuma suna da nasu: kitso mai tsauri da aka yi shekaru ana ja yana cinye gaban goshi, kuma irin wannan yana karɓar dashe idan an bar jan. Amma akwai wata cuta da ta fi yawa a matan baƙar fata, wadda take farawa daga tsakar ka tana faɗaɗa tana barin tabo a cikin fata, ita kuwa muddin tana ci, duk abin da aka dasa zai iya mutuwa, saboda haka sai an yanki ɗan ƙaramin yanki na fatar an duba, an kuma tabbatar ta lafa na tsawon lokaci.

Idan an tabbatar sanƙon gado ne, sai a duba shekaru. Likitoci suna auna sanƙon maza da wani ma'auni mai mataki 7 da wani likita mai suna Norwood ya gyara a 1975, kuma saurayi ɗan shekara 23 da yake mataki na 2 ba shi da tabbacin inda zai tsaya. Dubi kan mahaifinka da na kawunnanka na ɗakin uwa da na uba, domin a nan za ka hango naka. Masu kallon ƙwallo sun san labarin Wayne Rooney, wanda ya sanar da kansa a 2011 cewa an yi masa dashe yana ɗan shekara 25, sannan ya koma aka sake yi masa a 2013. Gashin da aka dasa yana zama, amma na asali da ke bayansa yana ci gaba da zubewa, kuma babu abin da ya fi tona asirin dashe kamar tsibirin gashi a gaban goshi da fili fetal a bayansa. Shi ya sa likita mai gaskiya zai fara maganar magani kafin wuƙa. Minoksidil na shafawa ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 1988, finasterayid na sha, miligiram 1, a 1997. Duka biyun suna rage gudun zubewa ne muddin ana amfani da su, in an daina sai a koma gidan jiya. Finasterayid yana iya rage sha'awa ga wasu maza ƙalilan, kuma ba a son mace mai ciki ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa, saboda haka ba maganin da za a saya a kemis da shawarar aboki ba ne.

Daga nan sai lissafi, wanda a ganina shi ne wurin da aka fi yaudarar mutane. Manomin tumatir a fadamar Galma idan ya cire dashe daga bedi ya san zai iya sake yafa iri. Ƙeya ba haka take ba, domin duk tushen da aka cire ya tafi ke nan, wani ba ya tsirowa a gurbinsa. Dashe ba ya ƙara wa kai gashi ko sili ɗaya, rarraba wanda ya rage kawai yake yi. Abin da za a iya cira a tsawon rayuwar mutum ba tare da ƙeya ta yi sharara ba, likitoci kan ƙiyasta shi tsakanin tushe 4,000 zuwa 8,000, gwargwadon cikar kan mutum. Ana kuma dasa kamar tushe 30 zuwa 45 a kowace murabba'in santimita, wanda bai kai cikar halitta ba, amma ya isa ya rufe wa ido. To, idan filin sanƙonka ya kai murabba'in santimita 100, a kan tushe 35 kana buƙatar 3,500. Idan kuwa ya haɗe daga goshi har tsakar ka ya ninka haka, kana neman 7,000, wato kusan duk abin da ke rumbun. Mai irin wannan sanƙon gara ya yarda a cika masa gaba, wanda shi ne yake tsara fuska, a bar tsakar ka da sauƙi-sauƙi, domin haka kan dattijo yake a halitta, babu wanda zai yi mamaki.

Iyakar gashin goshi ita ce fuskar aikin gaba ɗaya, kuma a kanta ya kamata ka ɓata lokaci da likita, da madubi a hannunka, kafin ka kwanta. Likita zai zana ta da alƙalami a goshinka. Kada ka nemi ya mayar maka da iyakar da kake da ita kana aji uku a sakandare. Ga balagaggen namiji, tsakiyar iyakar takan tsaya ne kamar santimita 7 zuwa 9 daga tsakanin gira, kusan faɗin yatsu huɗu, kuma gefe biyu na goshi sukan ɗan ja baya. Iyakar da aka sauko da ita ƙasa tana cin tushe masu yawa, sannan tana nan daram ranar da ka cika shekara 60, gemu ya yi fari, fuska ta sauya, ita kuwa tana ta samartaka ita kaɗai.

Akwai wani kuskure da ya fi kama mu. Mun saba da gyaran fuskar da mai aski yake yi da reza, layi miƙaƙƙe mai kusurwa, har wasu suna ɗauka haka gashi yake fitowa, sai su nemi a dasa musu shi a haka. Layin mai aski ana yin sa ne a kan gashin da yake da gefe mai laushi, bayan kwana huɗu ƙananan sili sun dawo sun tausasa shi. Layin da aka dasa miƙe kuwa ba ya tausasa. Abin da ya dace shi ne a dasa iyaka irin ta halitta, in ya so mai aski ya riƙa tsaga maka layinka duk mako. Ita iyakar halitta, in ka duba goshin yaro ɗan shekara goma sha biyar da kyau, za ka ga ba ta da baki guda: sili ne ɗaiɗai, sirara, wani ya shigo gaba wani ya koma baya, sai can bayan rabin santimita ko fiye gashin ya fara kauri. Saboda haka sahun gaba dole ya zama na tushe masu sili ɗaya zalla, masu biyu su biyo baya, masu uku da huɗu a kai su ciki inda ake neman cika. Magidancin nan na Samaru an sa masa masu uku a sahun gaba ne, shi ya sa goshinsa ya yi kama da burushi.

Sai kwanciyar gashi. Gashi ba ya fitowa a tsaye kamar dawa, yana kwantawa ne ya fuskanci gaba, a gefen goshi da saje kuma yana kusan manne da fata yana kallon ƙasa, a tsakar ka yana juyawa kamar guguwa. Ramin da likita ya huda shi ne yake ƙayyade inda silin zai fuskanta har abada, domin haka ka tambaya kai tsaye wane ne zai huda ramukan, likitan ne da kansa ko mataimakansa.

Gashinmu na baƙar fata yana da ribarsa a wannan aikin, yana kuma da wahalarsa. Ribar ita ce naɗewarsa tana rufe fili fiye da miƙaƙƙen gashi, kuma baƙin gashi a kan baƙar fata ba ya nuna tazara kamar yadda yake nunawa a kan farar fata, saboda haka tushe kaɗan kan yi aikin mai yawa. Wahalar ita ce naɗewar ba a waje kaɗai take ba, tushen ma a lanƙwashe yake a cikin fata kamar ƙugiya, kuma ƙarfen cira miƙaƙƙe yana iya datse shi biyu. Likitan da ya saba da kan Turawa ko Larabawa yana iya lalata kaso mai yawa na abin da ya cira bai ankara ba. Kada ka gamsu da hotunan wasu jinsi, ka ce a nuna maka na masu irin gashinka, bayan shekara guda da aiki, gaba da ƙeya, a cikin haske, gashin kuma a gajarce.

Wahala ta biyu ita ce tabo mai tasowa, wanda ya fi yawa a baƙar fata. Kafin ka je ko'ina duba jikinka: tabon ƙaho, tsagar wanzami, hujin kunne ga mata, tabon allurar rigakafi a dantse, ko wani tsohon rauni. Idan akwai wanda ya kumbura ya wuce iyakar raunin, gaya wa likita, domin wataƙila ya hana ka aikin, ko ya fara gwaji da 'yan tushe kaɗan ya jira watanni ya gani. Haka ma mai ƙurajen ƙeya, irin waɗanda suke fitowa masu yawan aski da reza har su taurare, sai an yi maganinsu tukuna, domin daidai wurin da za a cira suke zama.

Hanyoyin cira biyu ne. Ta farko, wadda ake kira FUT, ana yanko siririn yanki na fatar ƙeya a ɗinke wurin, a rarraba tushen a ƙarƙashin madubi, kuma tana barin tabo dogo a kwance. Ta biyu, FUE, wadda aka yi cikakken bayaninta a 2002, ana cire tushe ɗaya-ɗaya da ƙarfe mai faɗin kusan milimita 1, tana barin ƙananan ɗige-ɗige. Masu talla suna cewa ta biyu ba ta barin tabo, wannan kuwa ba gaskiya ba ne, kuma a baƙar fata ɗigen kan yi haske. A nan ne al'adarmu take juya lissafin. Bahaushe yana sa hula, hula kuma tana rufe goshi da tsakar ka, wato wurin da aka gyara, ta bar ƙeya a fili, wato wurin da aka cira. Wanda yake bayanka a sahun sallah ƙeyarka yake kallo. Idan kai mai askin ƙwal-kwabo ne ko mai saukar da gashi ƙasa sosai, tabon yanka zai fito fili, ɗige-ɗigen ma za su fito in an cira da haɗama. Gaya wa likita tsawon da kake barin gashinka, ka nemi ya warwatsa cirar a faɗin ƙeya, kada ya tattara ta wuri guda, kada kuma ya haura sama zuwa inda sanƙo zai iya kaiwa nan gaba. Wanda ya san ba zai daina aske kansa tas ba, a ra'ayina, ba ya buƙatar dashe ko kaɗan.

Game da inda za a yi, 'yan Najeriya da yawa suna tafiya Istanbul ta Turkiyya, wasu Indiya ko Masar, wasu kuma suna yi a gida. A kowace ƙasa akwai gwanaye akwai 'yan kasuwa. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan wuraren da ake tallata sunan likita amma waɗanda ba likitoci ba ne suke yin aikin. A Najeriya ka tabbatar likitan yana da rajista da hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN. Ka yi hattara da wanda ya faɗa maka adadin tushe ta WhatsApp daga hoto ɗaya, da wanda yake alkawarin cira ba iyaka a farashi guda, da wanda yake kwantar da mutane da yawa a rana, domin aiki ne na awa shida zuwa takwas ga mutum ɗaya. Kada ka ɓoye ciwon suga, hawan jini, sikila, shan taba, ko maganin tsinka jini da kake sha. Masu tambaya ta fuskar addini kuma, malamai da dama na zamani sun halatta shi a matsayin kawar da aibi da gashin mutum na kansa, suna bambanta shi da ƙarin gashi da aka hana, kuma malaminka zai yi maka bayani.

Bayan aiki, kwana goma na farko su ne masu hatsari, domin tushen bai kama ba, susa ko goga za su iya fisge shi. Za ka kwana da kai a ɗage na 'yan darare, goshi yana iya kumbura a rana ta biyu zuwa ta huɗu sannan ya sace. Wanka sai yadda aka koya maka, ana zuba ruwa a hankali da kofi. Hula mai matse kai da hular kwano ta babur sai likita ya ba da izini. Tun kafin ranar aiki ka tambayi likita da malami yadda za ka yi da shafar kai a alwala da sujada a kwanakin farko, kada ka bari sai ka dawo da bandeji. Ka kuma zaɓi lokaci: ƙurar hunturu a Disamba da Janairu, da gumin Maris da Afrilu a Zariya, duka ba su dace da ɗanyen rauni ba ga wanda yake yini a waje, saboda haka ka daidaita aikin da hutun da za ka zauna a gida.

Ɓawon raunin yakan faɗi cikin mako biyu. Daga nan zuwa wata biyu yawancin silin da aka dasa za su zube, kai ya koma kamar ba a yi komai ba, kuma a nan ne mutane suke firgita su ce an cuce su. Silin ne ya faɗi, tushen yana ciki yana hutawa. Sabon gashi yakan fara leƙowa a wata na uku ko na huɗu, siriri, wani lokaci da 'yan ƙuraje, yana ƙaruwa kusan santimita 1 a wata, ba a kuma yanke wa aikin hukunci sai bayan wata 12, na tsakar ka ma yakan kai 18. A tsawon watannin farko almakashi kaɗai za a sa a wurin dashen, kuma ka gaya wa mai askinka tun da wuri kada injin ko reza su taɓa gaban goshi sai ka zo masa da izinin likita. Ka ɗauki hoton kanka duk wata, a wuri ɗaya da haske ɗaya, gaba da sama da ƙeya, domin da su za ka koma wurin likita a ƙarshen shekara a duba ko gashin asali yana ci gaba da zubewa a bayan dashen, da kuma tushe nawa suka rage a ƙeya idan za a sake cira.